Idan Dusar Ƙanƙara Ta Rufe Gari: Tambayoyi da Amsoshi ga Baƙin Ƙasashen Sanyi

Wannan shafi na 'yan uwanmu ne da karatu ko aiki ko aure ya kai su Amurka da Kanada, musamman waɗanda wannan ne hunturunsu na farko a can. Tambayoyin su ne waɗanda sababbin zuwa suka fi yi da zarar an fara shelar cewa guguwa na tafe. Za a riƙa komawa ga abin da ya faru a birnin Buffalo na jihar New York a watan Disamban 2022, domin a can aka ga abin da ke ceton mutane da abin da ke halaka su ƙarara.

Me ya faru a Buffalo har ake ta kafa misali da ita?

Buffalo tana bakin tafkin Erie ta gabas, kuma mutanenta ba baƙin dusar ƙanƙara ba ne. Dattawan garin har yau suna ba da labarin guguwar Janairun 1977. A Nuwamban 2022 ma, wata guda kacal kafin wadda muke magana a kai, wasu garuruwan da ke kudu da birnin sun kwashi dusar da ta kai mita biyu. Amma ta ranar Juma'a 23 ga Disamba daban ce. Da asuba ruwan sama ake yi, kafin hantsi sanyi ya faɗo gaba ɗaya, ruwan ya daskare a ƙasa, iska ta taso da gudun da ya haura kilomita 110 a awa. Aka shafe kimanin awa 37 mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. Kafin ta lafa an auna sama da inci 50 a filin jirgin saman garin, wato kimanin santimita 130. Motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya su ma suka maƙale a hanya. Dokar hana tuƙi ta kai kusan kwana shida a cikin birnin, filin jirgi kuma bai buɗe ba sai 28 ga wata. Mutum 47 suka rasu a yankin.

Tafkin ne silar yawan dusar. Idan iska mai tsananin sanyi ta biyo ta kan ruwan da bai riga ya daskare ba, sai ta kwashi ɗumi da laima, ta zo ta juye su a tudun da ta fara tararwa. Tsawon Erie ya kusa kilomita 390, idan iska ta bi shi daga kudu maso yamma, Buffalo ce a bakin hanya.

Abin lura shi ne inda aka tarar da mamatan. Wasu a kan titi suka faɗi bayan sun fita da ƙafa, wasu a cikin mota, wasu a gidajen da ba ɗumi, wasu zuciya ce ta buga suna kwasar dusa da shebur, wasu kuma rashin lafiya ce ta taso motar asibiti ba ta iya isowa ba. Da yawansu wata ƙwaƙƙwarar hujja ce ta fitar da su: aiki, sayen abinci, ko duba wani ɗan uwa.

Ai mun saba da sanyin hunturu a gida. Akwai wani bambanci ne sosai?

Akwai. Daren muku-muku a Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, mu shiga bargo muna kukan jaura. A can ana maganar digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili, ga iska a kai. Hukumar yanayi ta Kanada ta ce idan sanyin da jiki ke ji, in an haɗa da iska, ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

A kula da ma'auni kuma. Amurka da Faranhait take aiki, Kanada da Salshiyas. Digiri 32 a Amurka shi ne sifili, inda ruwa ke daskarewa. Wanda ya ga 20 a wayarsa a New York ya ɗauka irin 20 ɗin Jos ce, zai sha mamaki a bakin ƙofa.

Yaya zan gane cewa wannan guguwar ba ta wasa ba ce?

Kalmomi biyu za ka riƙa gani a sanarwar hukumar yanayi. Idan aka rubuta watch, ana nufin akwai yiwuwar abin ya zo, lokacin shiri ke nan. Idan aka rubuta warning, ya iso ko yana dab da isowa, lokacin zama a gida ke nan. A Amurka ba a kiran guguwar dusa blizzard, wato babbar guguwa, sai iska ta kai mil 35 a awa, wato kilomita 56, kuma an yi awa uku ko fiye ba a iya hangen abin da ya wuce mita 400. Ka ga ashe ba tulin dusar kaɗai ake tsoro ba, iskar da ke kwasarta ta rufe ido ita ce babbar matsala. Ka yi rajistar saƙonnin gaggawa na ƙaramar hukumarku a waya, kada ka dogara da abin da ake turawa a zaurukan WhatsApp.

Me ya kamata in tanada kafin ta iso?

Ka ɗauka za ka yi kwana uku zuwa biyar ba fita, wataƙila kuma ba wuta. Ruwan sha kimanin lita huɗu ga kowane mutum a kowace rana. Abinci kuwa wanda ba ya bukatar girki, domin idan murhunka na lantarki ne buhun shinkafa ba zai amfane ka da komai ba. A nan abincinmu na gida ya fi na kowa dacewa: garin kwaki da sukari da gyaɗa, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi ko dambun nama, kifin gwangwani, burodi, madarar gari. Ka cika fulas da ruwan zafi tun wuta na nan.

Sai magani. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tabbatar yana da na mako guda aƙalla, kuma allurar insulin ba a barinta ta daskare, in ta daskare ta lalace. Mai jariri ya ƙara madara da kunzugu. Tocila da batura, fawa banki a cike, tankin mota a cike, kuɗi kaɗan a hannu. Kyandir a bar shi sai dole. Duk wannan kwana biyu kafin ranar ake yi, domin a jajibirin guguwa layi za ka tarar a kanti, kantoci kuma wayam.

An ɗauke wuta, hita ta tsaya. Zan iya hura gawayi a kasko mu ji ɗumi kamar yadda muke yi a gida?

A'a. Ko da wasa.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, domin al'adar da muka tashi da ita ce take iya kashe mu. Gawayi idan yana ci yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Tana shiga jini ta kama wurin da iskar numfashi ya kamata ta zauna, mutum ya ji barci ya kwanta, shi ke nan. Ɗakunanmu na gida suna shan iska ta ƙarƙashin ƙofa da tagogi da rufin kwano, duk da haka kowa ya taɓa jin labarin iyalan da aka wayi gari an tarar sun mutu saboda hayaƙin janareto. Gidajen ƙasashen sanyi kuwa an gina su ne a toshe ko'ina don kada ɗumi ya fita, to gubar ma ba ta fita.

A Fabrairun 2021 sanyi ya durƙusar da wutar jihar Texas, gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan huɗu da rabi suka shiga duhu. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu, cikinsu akwai waɗanda wannan iska ta kashe bayan sun shigo da abin gashin nama cikin ɗaki ko sun kunna mota a gareji don jin ɗumi. Hukuncin kurfoti da risho da ƙaramin murhun gas na tafiya duk ɗaya ne da na kasko. Haka nan buɗe obin ko kunna murhun gas na kicin don ɗumama gida. Turaren wuta ma da garwashi ake yin sa, uwargida, a ɗage shi sai an samu sarari.

Abin da ake yi shi ne a tattaru a ɗaki ɗaya, ƙarami, wanda ba shi da tagogi da yawa. A rufe ƙofofin sauran ɗakunan, a cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa, a rataya bargo a taga da dare, da rana a buɗe labule idan akwai hasken rana. A shimfiɗa katifa ko darduma mai kauri, kada a kwanta a kan siminti ko tayil. A kwanta kusa da juna, a ci abinci, a sha abu mai ɗumi. Jariri a sa masa kaya bisa kaya da hula, amma kada a lulluɓe masa fuska da bargo. Idan gidan ya yi sanyin da ba a iya zama, akwai cibiyoyin ɗumi da hukuma ke buɗewa a makarantu da ɗakunan taro, a kira 211 ko 311, lambobin neman bayani da taimako, a ji wadda ta fi kusa da kuma ko hanya na biyuwa.

To janareto fa, ko hitar lantarki?

Janareto a waje yake zama, nesa da gida da aƙalla ƙafa 20, wato mita shida, salansarsa na kallon nesa da ƙofa da taga. Gareji ba waje ba ne ko an buɗe ƙofarsa. Baranda ma haka.

Hitar lantarki ba ta fitar da guba, amma gobara take jawowa. A ranar 9 ga Janairun 2022 wata hita ta tayar da wuta a wani dogon bene a unguwar Bronx ta birnin New York, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, mafi yawansu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Wutar ba ta yi nisa ba, hayaƙi ne ya cika benen saboda ƙofofin da ya kamata su rufe kansu sun tsaya a buɗe. Bronx kuwa unguwa ce da Hausawa da dama ke zaune, musamman 'yan zangon Ghana. Don haka hita a jona ta kai tsaye a soket na bango, ba a kan wayar ƙari ba, a nisanta ta da labule da gado da kimanin mita ɗaya, kada a shanya kaya a kanta, a kashe ta kafin barci. Idan tsautsayi ya sa wuta ta tashi, wanda ya fita ya ja ƙofa ya rufe.

Yaya zan san gubar ta shigo gida?

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa. Babbar alama ita ce mutum biyu ko uku su kamu lokaci ɗaya, ko kuma a ji sauƙi idan an fita waje. Kowa ya fita nan take, a kira 911, lambar agajin gaggawa, daga waje. Amma da yake mai barci ba ya jin alama, dole gida ya kasance da na'urar ƙararrawa mai gano wannan iska, mai aiki da batir. Kada a cire batirinta don ta dame ku da ƙara lokacin suya.

Akwai wata hanyar da ba kowa ke tunawa da ita ba. Injin ɗumama gida mai aiki da gas yana da bututun fitar da hayaƙi, a gidaje da yawa a jikin bango yake, ƙasa-ƙasa. Idan dusa ta toshe shi, hayaƙin cikin gida yake komawa. Haka wani matashi ya rasu a garin Lockport, kusa da Buffalo, a wannan guguwa. Ka san inda bututun gidanku yake tun kafin dusa ta binne shi, ka riƙa leƙawa kana share bakinsa.

Wane irin kaya zan sa?

Kaya bisa kaya, hawa uku. Na jikin fata ya zama wanda ba ya riƙe gumi, na tsakiya na ulu, na waje mai tare iska da ruwa. Auduga ba ta da kyau a nan, in ta jiƙe da gumi sanyi take ƙara maka. Shadda da atamfa da abaya ana iya sa su, amma a kan waɗancan. Hula mai rufe kunne, mayafin wuya, safar hannu, safa mai kauri, da takalmi mai shara a ƙasa wanda ruwa ba ya shiga. Kada takalmin ya matse, matsi yana hana jini gudu, yatsu su fi saurin daskarewa. Fata kuma tana bushewa ta tsage, man kaɗanya ko basilin sun wadatar.

An ce a zauna a gida, amma wurin aiki sun ce in zo. Yaya zan yi?

Nan ne wahalar take, kuma ba za a ɓoye ta ba. A Amurka ma'aikacin da ake biya bisa awa, galibi idan bai yi aiki ba ba shi da kuɗin ranar, kuma mutanenmu da yawa irin wannan aiki suke yi, ko tuƙin Uber, ko kai saƙon abinci, ko kula da tsofaffi. Ga haya, ga 'yan gida suna jiran aike. Duk da haka a bambanta abu biyu. Idan shawara aka bayar cewa a rage fita, kai za ka auna. Idan dokar hana tuƙi aka kafa, fita da mota laifi ne sai ga ma'aikatan da aka keɓe, kuma motarka in ta maƙale ita za ta tare motar share hanya da ta asibiti. A Buffalo ɗaruruwan motocin da aka yasar a titi suna cikin abin da ya hana ceto isa ga mutane. Ka tura wa shugabanka saƙo a rubuce, ka haɗa da hoton sanarwar hukuma, ka ajiye. Idan kuma kana wurin aiki guguwa ta same ka, ka kwana a can. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan na maƙale a mota fa?

Ka zauna a ciki, sai fa idan kana ganin gini ƙuru-ƙuru kusa da kai. A cikin farin hazon nan mutum yana ɓata tsakanin motarsa da ƙofar da ba ta wuce taku hamsin ba. Ka kira 911 ka faɗi inda kake, ka sanar da wani naka, sannan ka tattala cajin waya. Ka kunna injin kamar minti 10 a kowace awa don ɗumi, amma kafin kowace kunnawa ka fita ka tabbatar dusa ba ta toshe salansa ba, kuma ka sassauta gilashi kaɗan ta gefen da iska ba ta bugowa. Ka ɗaura ƙyalle mai launi a eriya ko a ƙofa, ka kunna fitilar ciki lokacin da injin ke aiki. Ka riƙa motsa hannu da ƙafa. In ku biyu ne, ku yi barci bi da bi. Wannan ya sa ake barin bargo da ƙaramin shebur da ruwa da dabino a mota tun farkon hunturu.

Mene ne alamar sanyi ya yi wa mutum illa, kuma me za a yi masa?

Iri biyu ne. Na farko daskarewar gaɓa, yawanci yatsu, hanci, kunne da kumatu. Wurin yakan fara da zugi, sai ya mutu ba a jin sa, ya yi tauri. Littattafai sukan ce fata tana yin fari, amma a baƙar fata toka-toka take yi, don haka a fi lura da taurin da rashin jin taɓi. A shiga ɗaki, a tsoma wurin a ruwa mai ɗumi, digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun mai lafiya za ta jure. Kada a murza, kada a gasa a jikin hita ko murhu, domin gaɓar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Idan akwai yiwuwar ta sake daskarewa kafin a isa asibiti, gara a bar ta yadda take.

Na biyu ya fi haɗari, wato zafin jiki gaba ɗaya ya sauka ƙasa da digiri 35. Mutum zai yi ta karkarwa, magana ta sarƙe, hannu ya kasa riƙe abu, ya ruɗe, barci ya riƙa fizgarsa. Idan karkarwa ta tsaya alhali yana cikin sanyin, ba sauƙi ba ne, abin ya yi nisa. A kira 911, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a fara ɗumama ƙirji da wuya kafin hannu da ƙafa, a ba shi abin sha mai ɗumi in yana cikin hayyacinsa. Tsofaffi da jarirai yana kama su har a cikin ɗaki.

Yaya batun salla da alwala?

Guguwar Buffalo ranar Juma'a ta faɗo, don haka tambayar ba ta raha ba ce. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi da iska, sannan ya ce mutane su yi salla a masaukansu, ya kuma ce Manzon Allah (SAW) yakan umarci ladani da faɗin haka a dare mai sanyi da ruwa. Masallatai da yawa a can su da kansu suke sanar da rufewa. Wanda hanya ta hana shi Juma'a sai ya yi azahar a gida.

Idan akwai halin ɗumama ruwa, a ɗumama a yi alwala. Idan babu, kuma ana tsoron cutuwa, akwai taimama. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Amru ɗan Asi ya yi taimama maimakon wanka a wani dare mai sanyi a yaƙin Zatus Salasil, da aka gaya wa Annabi (SAW) bai hana ba. Yana da kyau a ajiye dutsen taimama a gida, tun da ƙasa tana ƙarƙashin mita guda na dusa. Abin sha'awa, Muhtasar na Shehu Halil da ake karantawa a zaurukanmu ya ambaci ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama a kansu, ɗalibai da yawa sun haddace wurin ba su taɓa zaton za su gan ta da ido ba. Shafa a kan huffi ma sauƙi ne, sai dai Malikiyya sun sharɗanta ya zama na fata, wasu malamai kuma sun yarda da safa mai kauri. A tambayi malamin da aka amince da shi.

Famfo ya daina zuwa. Me ya faru?

Wataƙila ruwa ya daskare a bututu. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ya fasa bututun, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai ya narke. Rigakafinsa shi ne a bar famfo yana ɗiga kaɗan-kaɗan, a buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kuma ko za a yi tafiya kada a sauke ɗumin gida ƙasa da digiri 55 na Faranhait, wato 13 na Salshiyas. Masu zuwa gida hutun Disamba su kashe hita don tsimin kuɗi, su ne ke dawowa su tarar da ruwa har falo. In ya riga ya daskare, a buɗe famfon, a ɗumama bututun da na'urar busar da gashi ko tawul mai zafi, ban da harshen wuta. Ka san inda makunnin ruwan gidan gaba ɗaya yake. Dusa ana iya narkar da ita a tafasa, amma bokiti guda ɗan ruwa kaɗan yake bayarwa.

Naman da ke firiza zai lalace? In fitar da shi waje?

Firji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cikakkiya awa 48, mai rabi awa 24. A daina buɗewa. Ajiye nama a kan dusa ba dabara ba ce, rana tana narkar da shi ko ana sanyi, dabbobi kuma suna zuwa. Gara a cika robobi da ruwa a ajiye a waje su daskare, a dawo da su cikin firjin.

Ta lafa. Wa ke da alhakin share ƙofar gida, kuma akwai haɗari a ciki?

A garuruwa da yawa hanyar ƙafa ta gaban gida tana wuyan mai gidan, wani lokaci yarjejeniyar haya takan ɗora ta a kan ɗan haya, sai ka duba takardarka. A birnin New York idan dusa ta tsaya tsakanin bakwai na safe da biyar na yamma, awa huɗu ake ba ka, in ka wuce za a ci ka tarar kuɗi.

Haɗarin kuwa na zuciya ne. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, jiƙaƙƙiyar dusa tana da nauyi, mutumin da ya shekara bai motsa jiki ba sai ya tashi ya kwashi shebur ɗari a jere. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, da wanda shekaru suka fara ja, su ba matasa aikin, ba abin kunya ba ne. Wanda zai yi ya tura dusar maimakon ɗagawa, ya ɗebi kaɗan-kaɗan, ya riƙa hutawa, kada ya fara da cikakken ciki. Ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, ko zafi mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, a ajiye shebur a kira 911. A share bakin famfon kashe gobara na kan layi, a kuma yi hattara da tsinin ƙanƙara da ke reto a bakin rufi. Wayar lantarki da ta faɗo ƙasa a ɗauka tana da wuta.

Rana ta fito, titi ya yi baƙi. Yanzu ai ba matsala?

Kwanakin bayan guguwa ne asibitoci ke cika da masu karaya. Dusa takan narke da rana, ruwan ya daskare da dare ya zama siririyar ƙanƙara wadda ba a gani, kwalta ta yi santsi kamar an zuba mata miyar kuɓewa. Gada da inuwar gini sun fi kamawa. Mai tafiya da ƙafa ya yi gajerun taku, ya fitar da hannu daga aljihu. Direba ya ninka tazara, kada ya taka birki da ƙarfi, ya share rufin motarsa duka ba gilashin gaba kaɗai ba. A lardin Quebec tayoyin hunturu dole ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Montreal kuma ana kafa alamun hana ajiye mota kafin a kwashe dusar layi, motar janwe tana zagayawa, wanda bai matsar da tasa ba sai ya je nemanta a wani layin da takardar tara a gilashi.

Kafin ka tayar da motar da dusa ta binne, salansa za ka fara tonowa, kuma kada ka sa yara a ciki su ji ɗumi kana sharewa.

Mai gidan haya ya ƙi gyara hita, kuɗin gas kuma ya fi ƙarfina. Ina zan kai kuka?

Ɗumama gida haƙƙin ɗan haya ne a doka. A birnin New York daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu dole ɗaki ya kai digiri 68 na Faranhait da rana idan waje ya sauka ƙasa da 55, da dare kuma 62. Ka sanar da mai gidan a rubuce, ka ɗauki hoton ma'aunin zafi, in bai motsa ba ka kira 311. Kowane gari da nasa ƙa'idar, amma kusan ko'ina akwai ta. Game da kuɗi, akwai shirin tallafin gwamnatin tarayya ga masu ƙaramin ƙarfi da ake kira LIHEAP, a jihar New York kuma HEAP. Lambar 211 za ta gaya maka ko ka cancanta. Mutanenmu suna da kawaici, sukan zauna cikin sanyi su ce kada a ga sun cika ƙorafi. Kawaicin ne ke kai mutum ga buɗe obin da tsakar dare.

Wa ya kamata in nema, kuma me zan ce wa mutanen gida?

A Buffalo, lokacin da motocin hukuma suka kasa motsi, maƙwabta ne suka buɗe ƙofa ga baƙin da suka maƙale, masu baburan kan dusa suka riƙa kai magani da madarar jarirai. Daga baya sojojin jiha suka bi gida-gida a unguwannin da wuta ta daɗe ba ta dawo ba. Kada ka jira su. Ka buga wa ɗalibin da ya zo bana, da mai jego, da dattijon da ke zaune shi kaɗai, ka tambaye su kai tsaye da me suke ɗumama ɗaki, domin in ka ce "ya sanyi?" amsar "alhamdu lillahi" za ka samu. Ka ƙwanƙwasa wa maƙwabcinka ko ba ku taɓa gaisawa ba.

Su Hajiya da Baba kuwa sun riga sun ga hotuna a waya, hankalinsu a tashe yake. Tura musu gajeren saƙo tun da wuri, ka ce kana gida lafiya, za ka kashe waya don tsimin caji, za ka sake magana gobe war haka. Kiran bidiyo ya jira wuta ta dawo.

Akwai abin da ya rage bayan an share hanya?

Narkewa. Mako guda bayan guguwar Buffalo gari ya yi ɗumi, hukumomi suka koma shirin ambaliya. Ka share bakin magudanar ruwa ta kan layinku, ka ɗage kaya daga ƙasa idan ɗakinka na ƙarƙashin gini ne, ka duba silin ko akwai tabon yoyo. Duk ɓarnar da ka gani ka ɗauki hotonta kafin ka taɓa, ka aika wa mai gida ko kamfanin inshora da kwanan wata. Sannan ka mayar da abin da ka cinye na tanadi, ka sake cajin fawa banki, domin a waɗannan garuruwa dusa tana iya sake zubowa har cikin watan Afrilu.